Tsoro kamu yake yi, ba hali ba ne

Satin da ya wuce na je gida Mallawa, na zauna a fada ana shan shayi. Hira ta kai ga tsadar hatsi da wuyar da muka sha lokacin rufe iyaka da Najeriya a 2023. Sai ƙanena ya rage murya: "Yaya, a bar zancen nan." Na ce, "Tsoro kake ji?" Ya ce, "Ni? Namiji?"

Wallahi amsar nan ta dame ni. A lakwal an koya mana "j'ai peur", wato ina da tsoro, sai ka ce wata kadara. Bahaushe kuwa cewa yake tsoro ya kama ni, gabana ya faɗi, hantar cikina ta kaɗa. Mutanen Ayalan, maƙwabtan Ingila, a harshensu na gado cewa suke "tá eagla orm", tsoro yana kaina. Kun ga ke nan kaya ne. Abin da ya kama ka yana iya sakinka, abin da ke kanka ana iya sauke maka. Amma wa zai kama maka kayan da ka rantse ba ka ɗauka ba?

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Ina amfanin haka in mun kasa cewa "ina jin tsoro" da ita a fadarmu?

Ni dai gabana na faɗuwa duk lokacin da zan wallafa rubutu a nan. Na faɗi nawa. Ƴan uwa, saura ku.