Magarya da Dungas: Kafin a turo kuɗin babban teburin sunuka, a fara lissafa awa

Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Magarya, ya zarce Tinkim ya shiga Ɓaɓura, ko ya karkata ta Dungas ya faɗa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya san ba hatsi da dabbobi kaɗai ke ƙetare wannan iyaka ba. Naira na ƙetarawa, finafinan Kano na ƙetarawa, haka ma wasan sunuka, wanda ko sunansa ba daga Faransanci muka aro ba. Teburin da aka saba gani shi ne ƙarami, aikin kafinta, a ƙarƙashin rumfa kusa da tasha ko gidan kallon ƙwallo.

Yanzu waya ta buɗe wa samari ido. Sun ga ƙwararru na bugawa a manyan tebura, ƙwallo na tafiya sumul kamar an ja ta da zare, sai namu na rumfa ya koma musu abin wasan yara. Daga nan sai saƙon murya ya tafi wurin yaya da ke Legas ko Agadas ko Aljeriya: a taimaka da jari, za a kawo babban teburi, gari kaf babu irinsa. Ni ba na adawa da babban teburi. Abin da nake cewa shi ne, girman teburi ba shi ne zai raya wannan sana'a ko ya kashe ta ba. Yadda ake sayar da lokacin wasa shi ne maganar, kuma ita ce ba a cika yi ba kafin kuɗi su baro hannun mai turowa.

Mu fara da abin da ake kira babba. Abin da muke bugawa muna ce masa sunuka, a gaskiya ɗan'uwansa ne mai ƙwallo 15 da fara guda. Ƙwararrunsa na yin gasa a teburin ƙafa 9, wanda filin wasansa ya kai mita 2.54 a tsawo, 1.27 a faɗi. Sunuka ta ainihi, wadda hafsoshin sojan Ingila suka ƙirƙiro a Indiya a shekarun 1870, ƙwallo 22 gare ta, teburinta kuma ƙafa 12 ne, nauyinsa ya kai tan guda ko fiye. Wannan mu ajiye shi gefe, ba namu ba ne tukuna.

Ko na ƙafa 9 ɗin, ba teburin kaɗai ake saye ba. Sandar bugu ta kusa mita ɗaya da rabi, dole a bar mata wannan fili ta kowane gefe. Ke nan ɗakin da bai kai mita 5.5 a tsawo da 4.2 a faɗi ba, ɗan wasa zai riƙa dukan bango da gindin sanda. Shago nawa ne a bakin kasuwar Dungas ke da wannan faɗi, kuma nawa ne hayarsa? Teburin ƙwarai, ƙarƙashin ƙyallensa allon dutse ne, yawanci gida uku, sai an samu wanda ya iya haɗa su ya daidaita. In katako aka sa, damina ɗaya ta isa ta lanƙwasa shi, kuma karkatar da ido ba ya gani a ƙaramin teburi, a babba ƙwallo ce za ta tona ta. Ga ƙurar hunturu da ke cin ƙyalle, ga zafin bazara da ke busar da robar gefe. Rumfar zana ba za ta riƙe irin wannan kaya ba. Ɗaki ake so mai ƙofa da fanka da fitilu, wato ana son wuta.

Maganar wuta kuwa, mutanen jihar Damagaram ba sa buƙatar a tuna musu. Layin da ke ciyar da wannan yanki daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wuta ta rufe iyaka har cikin farkon 2024. Kafin nan ma an rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Ƙyalle da alli da kan sanda duk ta kudu suke zuwa. Mai babban teburi a Magarya ya ɗaura sana'arsa ne a ƙafar siyasar da ba shi da ta cewa a cikinta.

To, yanzu ga lissafin da na ce. A ƙaramin teburi ana biya ne wasa-wasa. Mu ɗauka, don misali kawai, wasa ɗaya sefa 100 ne, wato dala ashirin, kuma yana cin minti 10. In layi bai yanke ba, mai teburi na da sefa 600 a awa. Ka kai waɗannan 'yan wasan babban teburi: nisa ya ƙaru, rami ya yi wuyar samu, wasan minti 10 ya koma na 20. Kuɗin shiga ya faɗo rabi, alhali haya da wuta da gyara duk sun hau. Mai teburi ba shi da mafita sai ɗayan biyu, ko ya ninka kuɗin wasa, ko ya koma sayar da awa. Abin da ya sa ke nan a ƙasashen da wasan ya kafu, ƙananan tebura ake jefa wa kwabo, manya kuma agogo ake kunna musu.

Ni ina bayan agogo, kuma dalilina ba na mai teburi ba ne kaɗai. Tsarin da muka saba, na wanda aka cinye shi ke biya, shi ne ya ɓata wa wasan suna. Malamai da dama na kallon wannan a matsayin caca, tunda kowa ya shiga bai san ko shi zai yi asara ba, kuma iyaye ba su yi kuskure ba da suke hana 'ya'yansu zuwa. Daga biyan kuɗin teburi ake zarcewa a ɗora wani abu a kai, daga nan 'yan kallo su shiga, daga nan faɗa. Ban da haka, tsarin yana cutar mai koyo. Gwani ya kama teburi tun la'asar yana wasa kyauta, sabon shiga shi ke ciyar da shi, ya buga sau uku ko huɗu a cinye shi, ya koma layi aljihu ya yi sauƙi. Ta yaya hannunsa zai faɗa? In awa aka saya aka raba kuɗin daidai, babu wanda ya ci kuɗin wani, kuma yaro na iya tsayawa shi kaɗai ya maimaita bugu ɗaya sau hamsin. Gwaninta a nan take, ba a cikin ihun 'yan kallo ba.

Amma kada mu yaudari kanmu, agogo ma yana da nasa zalunci. Sefa 100 kowa na iya lalubowa, kuɗin awa cur kuwa sai mai albashi ko ɗan mai hali. In aka bar abin haka, babban teburi zai zama na ma'aikata da 'yan kwastan da 'yan canji, ɗan talaka ya leƙa ta taga. Kuma waɗannan masu halin ba su da yawan da za su cika teburi daga safe zuwa dare a gari kamar Dungas, wanda sai a 2011 aka cire shi daga Magarya ya zama gunduma mai cin gashin kanta. A nan kuɗi na bin shekara ne. Da damina samari na gona, da kaka aljihu ya yi nauyi, ana gama girbi kuma motocin ci-rani su kwashe rabin fada. Mai teburi da ya ɗauki cinikin watan kaka ya ninka sau goma sha biyu, ya yi wa kansa ƙarya, ya kuma yi wa yayansa da ke ɗaukar bulo a Tamanrasat.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, maganin yana hannunmu amma ba a waiwaye shi ba. Teburi da hantsi a banza yake zaune, bai cin wuta ko kaɗan in ɗakin na da taga. Me zai hana a karya farashin wannan lokaci zuwa rabi ko ƙasa da haka, a sayar da rabin awa har da kwata? Fada kuma, da take iya haɗa kuɗin shayi da sukari kullum, take iya yin adashi, za ta iya sayen wasu awoyi na mako a dunƙule. Mai teburi ya samu kuɗin da ya tabbata tun farkon wata, samari su samu rahusa. Sharaɗi biyu ne kawai zan kafe a kansu: ɗan makaranta ba ya shiga lokacin aji komai arha, kuma in wuta ta ɗauke agogo ya tsaya. A rubuta farashin a bango, a rataye agogon inda kowa ke gani, kada ya zama wayar da ke aljihun yaron shago.

Masu cewa wannan duk ɓata lokaci ne, su dubi Filifins. Efren Reyes, wanda ya ci gasar duniya ta ƙwallo tara a 1999, ɗan talakawa ne da ya tashi a gidan wasan kawunsa a Manila, yana jera wa mutane ƙwallaye, in an watse ya samu teburi ba mai ƙirga masa minti. A Sin, an jima ana buga wasan a teburan bakin titi kafin Ding Junhui ya ci babbar gasar ƙasar a 2005 yana ɗan shekara 18, sai kuma a 2025 Zhao Xintong ya zama ɗan Sin na farko da ya ɗauki kofin duniya na sunuka a Sheffield. Ba ina cewa gobe Wacha ko Bande za ta fitar da zakaran duniya ba. Amma waɗannan mutanen ba tsadar teburi ce ta yi su ba, yawan awoyin da suka samu a kansa ne.

Saboda haka ɗan'uwa da ke waje, in saƙon nan ya zo maka, kada ka tsaya a tambayar nawa ne teburin a Kano. Ka sa ƙanen naka ya auna ɗakin da igiya ya turo maka hoto. Ka tambaye shi dutse ne ko katako, wa zai haɗa shi, wa zai canja ƙyalle in ya yage. Ka tambaye shi nawa zai sayar da awa, mutum nawa ya sani da sunansu da za su iya biyan haka a watan Yuli. In amsar ba ta fito ba, kuɗin babba guda ɗaya zai sayi ƙanana biyu masu kyau da faifan sola, a sa ɗaya a kan agogo a gwada shekara guda.