"Do You Speak Hausa?" Da "Kana Jin Hausa?" Ba Tambaya Ɗaya Ba Ce

'Yan uwana matasa, na Landan da Manchester, na New York, na Accra da Kumasi, da duk inda neman abinci ya kai iyayenmu aka haife mu a can.

Akwai wata 'yar kalmar Turanci da nake so mu zauna mu duba, domin a ganina tana yi mana ɓarna ba mu ankara ba. Kalmar ita ce "speak".

Kowa ya san ma'anarta ta farko, wato yin magana. Ta ɗan fi 'yar uwarta "talk" nauyi. "Talk" ta hira ce, kai da abokinka. "Speak" ta tsayuwa gaban jama'a ce, ko ta shiga ofishin shugaban makaranta. In an ce maka "speak up", ɗaga murya ake nufi. "Speak out" kuma fitowa fili ne ka ƙi yarda da zalunci. "Speak your mind", ka faɗi abin da ke ranka ba kwana-kwana. "Speak for yourself", wato kar ka ari bakina ka ci min albasa. In mutum biyu suna gaba, sai a ce ba sa "speaking". Shugaban majalisar wakilan Birtaniya ma "Speaker" ake ce masa tun 1377, saboda shi ke kai maganar majalisa gaban sarki, mu kuma muka ce kakakin majalisa. A lambun Hyde Park na Landan har kusurwa guda aka bari, Speakers' Corner, inda kowa zai hau akwati ya amayar da abin da ke cikinsa.

To duk wannan ba matsala. Inda gizo ke saƙar shi ne amfani da kalmar wajen harshe. Bature zai tambaye ka, "Do you speak Hausa?" Bahaushe kuwa cewa zai yi, "Kana jin Hausa?" Ɗaya bakinka yake tambaya, ɗaya kunnenka. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Bayarabe ma da kalmar ji yake tambaya, haka mai Twi a Ghana, 'yan zango shaida ne.

Yanzu ku dubi halin da yawancinmu muke ciki. Inna ta yi magana da Hausa, mu amsa da Turanci. Gwaggo ta bugo waya daga Kano, mun fahimci duk abin da ta ce, har habaicin da ta yi wa Baba mun gane, amma da ta ce "ba ni yaron mu gaisa" sai harshe ya ɗaure, daga "lafiya lau" sai "to". In Bature ya yi mana tambayarsa, gaskiya ta sa mu ce "No". Mu yi ta cewa "No" shekara da shekaru har mu yarda cewa ba mu da komai a harshen. Alhali in da Hausa aka tambaye mu, amsar gaskiya ita ce "E, ina ji".

Yaya aka yi muka zama masu kunne ba baki? Ni dai ina ganin tarbiyya biyu ce ta raba mana aiki. A gida, yaron kirki shi ne mai jin magana. Manya na magana ba ka sa baki, ba ka kallon Kawu ido cikin ido. A makaranta kuma malama kullum "speak up", har a takardar sakamako ana rubuta wa iyaye cewa yaron nan ya cika shiru a aji. Ka ga kenan an horar da kunnenmu da Hausa, an horar da bakinmu da Turanci. Ba mu muka zaɓa ba.

Hatta takardun gwamnati bakin suke ƙirgawa. Binciken da hukumar ƙidayar Amurka ke yi duk shekara yana tambaya ne ko mutum yana "speak" wani harshe ban da Turanci a gida. A ƙidayar 2021 ta Ingila, babban harshenka ake tambaya, guda ɗaya tak, irinmu kuwa Turanci za mu rubuta. Amma abin mamaki, a Wales, da aka zo kan harshensu na Welsh, sai aka ware gurbi daban na wanda yake fahimta in an yi magana, ban da na mai magana, da mai karatu, da mai rubutu. Ashe su ma sun san ji wani mataki ne, in harshen gidansu ne ke cikin hatsari.

Saboda haka shawarata ta farko, mu daina cewa "I don't speak Hausa" mu yi shiru. Mu ce muna ji, bakin ne bai gama faɗawa ba. Wanda ya yi shekara ashirin yana jin Hausa a kicin da falo ya riga ya san abin da ɗalibin jami'a ke shan wuya kafin ya kama. Kunnensa ya san garin da ake zama da garin da ake tuwo da shi, ya san baki da baƙi.

Na san wani zai ce, to ai shike nan, tunda muna ji sai mu huta. Haba ɗan uwa! Nan ne fa tambayar Baturen take da tata gaskiyar. Harshen da kunne kawai ya riƙe, a kanka zai tsaya. Ɗanka ba zai ji abin da ba ka furta ba. Masana sun daɗe da lura da haka a gidajen baƙin haure na Amurka: kakanni da harshen gida, 'ya'ya da harshe biyu, jikoki da Turanci zalla. Joshua Fishman, a littafinsa na 1991 kan farfaɗo da harsuna, ya nuna cewa in iyaye ba sa miƙa harshe ga 'ya'yansu a cikin gida, makaranta da rediyo kaɗai ba za su cece shi ba. Mu ne tsatson tsakiyar nan. Igiyar a hannunmu za ta tsinke ko ta ɗore.

Shawara ta biyu ta iyayenmu ce, kuma da ladabi nake yi. Baba, Inna, don Allah ku rage dariya. Yarinya ta yi ƙarfin hali ta ce wa Kawu "kin dawo?" sai falo ya kaure da shewa, a yi ta maimaitawa har a waya da mutanen gida. Wallahi daga ranar ta rufe baki kenan. Ku gyara mata a hankali ku wuce. A zangunan Ghana mutane da yawa ba sa bambanta namiji da mace a nahawu irin na Kano, amma kasuwa na ci da Hausa, ana wa'azi da ita, ana ɗaura aure da ita. Hausar da ta ɗan karkace ta fi wadda ba a yi ba.

Mu kuma mu ɗauki "speak up" ɗin da aka koya mana a aji mu kawo shi gida. A fara da gaisuwa, a tsawaita ta: ina gajiya, ya mai jiki, ya muka ji da sanyi. In Inna ta aike ka da Hausa, amsa da Hausa ko da rabi da rabi ne. In Gwaggo ta bugo, kar ka gudu ɗaki, ka ƙara mata jimla ɗaya a kan ta makon jiya. Za a yi gwaranci, za a ji kunya, amma ai da rarrafe yaro kan tashi.

Allah ya buɗa mana baki, ya sa 'ya'yanmu su samu abin da za su ji daga gare mu. Wassalam.