Kunne Kafin Alƙalami: Koyar da Jimlar Tambaya

Manomin rani a Kura ko Bunkure, wanda shinkafarsa ta dogara ga ruwan madatsar Tiga, ya san bambancin "An saki ruwa." da "An saki ruwa?" Kalmomin ɗaya ne, amma ta farko labari ce, ta biyu kuwa neman labari. Rausayar murya kaɗai ta raba su. A Hausar Kano, mai tambaya yakan ɗaga muryarsa a kan gaɓar ƙarshe mai karin sama, sannan ya sauke ta.

Wannan aiki ba ƙarami ba ne ga ƙwaƙwalwa, domin hawa da saukar murya a Hausa suna ɗauke da kaya biyu: suna bambanta kalma da kalma, suna kuma bambanta tambaya da bayani. Haka abin yake a harshen Mandarin na ƙasar Sin, mai karin sauti huɗu. A shekarar 2016, masana a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan suka auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwar masu sauraron Mandarin. Sun gano cewa idan jimla ta ƙare da karin faɗau, ƙwaƙwalwa na rarrabe tambaya da bayani sarai. Idan kuwa ta ƙare da kari mai hawa, wannan alama ba ta fitowa, saboda hawan kalmar ya yi kama da hawan tambaya.

Darasin da ke nan ga malamin Hausa a bayyane yake. Daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti, don haka alamar tambaya ce kaɗai jagorar mai karatu, ita kuwa sai ƙarshen jimla take zuwa. Yaron da ke tambayar mahaifinsa daidai a bakin fadama yakan karanta tambaya a aji tamkar bayani, har ma'anar ta ɓace masa.

Wasu na ganin ɗan Bahaushe bai buƙatar a koya masa abin da ya sha a nono. Gaskiya ne ya iya furuci, amma haɗa furucin da rubutu sai an koyar. Saboda haka ya kamata malami ya riƙa karanta jimloli bibbiyu da babbar murya, ɗalibai su saurara su rarrabe, kafin a ɗauki alƙalami. Haka kuma ya dace jami'o'in ƙasar Hausa su yi wa harshen irin binciken da aka yi wa Mandarin.