Almajirin Zamiya a Kan Dusar Ƙanƙara

A Shamoni, garin nan na ƙasar Faransa da ke gindin dutsen Mon Bulan, inda aka fara wasannin Olamfik na hunturu a 1924, baƙon da ya ɗaura dogayen allunan zamiya a ƙafafunsa ran farko, sanyi na ratsa shi, takalman sun ƙame masa idon sawu, zuciyarsa takan raya masa ya bi gwanaye zuwa ƙololuwa. Ni a ganina wannan wauta ce, kuma zalunci ne ga waɗanda ke gabansa, domin a ƙa'idar wasan alhakin kaucewa yana wuyan wanda ya fito daga sama.

Wajibi ne ya nemi malami, ya lazimci gangaren da aka yi wa koriyar alama, ya koyi kusanta kawunan allunan yana ware dugadugansa har ya iya tsayawa inda ya nufa, sa'an nan ya koyi tashi in ya faɗi, alhali yara ƙanana na wuce shi. Ladan malamin yana da tsada, hakika, amma jinyar tsinkewar jijiyar gwiwa ta fi shi nesa ba kusa ba.