Ku Gyara wa Liman Fayil, Ku Daina Ba Shi Haƙuri

Akwai zaluncin da ake yi a ofis cikin gaisuwa da rusunawa, kuma limamin soja ya fi kowa sauƙin faɗawa cikinsa. A rubuta ranar ƙarin girmansa ba daidai ba, ko a bar sunansa da tsohon muƙami bayan sigina ta fito, in ya zo neman gyara sai akawu ya miƙe tsaye ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ku ne masu koya mana haƙuri. Fayil ɗin yana sama, muna kai." A raka shi har bakin ƙofa, a roƙe shi ya sa yara a addu'a, takarda kuma ta koma ƙarƙashin 'yan uwanta. Da ku nake, ku masu riƙe da biro da kwamfuta a ofisoshin bariki, da manyan da ke sa hannu a kan abin da kuka rubuta ba tare da sun karanta ba. Abin da kuke yi cin haƙƙi ne, ladabin da kuke lulluɓe shi da shi kuma bai rage masa nauyi ba.

Mutanen gari da yawa suna zaton limamin bariki wani malami ne da ake ɗauko wa daga unguwa ya ja salla a ba shi na goro. Ba haka ba ne. Rundunar sojan ƙasa ta Najeriya tana da sassa uku na addini: na harkokin Musulunci, na Katolika, da na sauran ɗarikun Kirista da ba Katolika ba. Liman ko fada ko fasto da ya shigo a matsayin hafsa, da digirinsa yake shigowa, ta ƙofar da ake ɗaukar masu sana'a irin su likitoci da lauyoyi. Ya sha horo, ya sa kaki, a liƙa masa anini. Yarjejeniyar Geneva ta 1949 ta keɓe shi daga mayaƙa, ta ce a kare shi kamar yadda ake kare ma'aikacin lafiya a fagen daga. Amma a wajen albashi da kwas da jarrabawa da ritaya, ƙa'idojin aiki na binsa kamar yadda suke bin ɗan uwansa mai harba igwa. Takarda ce ke tafiyar da rayuwarsa, kuma a cikin takardar babu layin da ya kai kwanan wata nauyi.

A ɗauka mutum biyu aka yaye rana ɗaya, kowa da anini biyu. Wajen kwafe suna, wani ya zame hannu ya ƙara wa ɗaya shekara guda a ranar da muƙaminsa ya fara aiki. Lamba ɗaya ce. Lokacin da aka fitar da sunayen waɗanda suka isa jarrabawar ƙarin girma, babu shi, domin a takarda bai cika shekarun ba. Da aka tura 'yan ajinsa kwas Jaji, yana bariki yana raɗin suna. Kwamitin ƙarin girma ya zauna, kwamiti kuwa ba ya ganin fuska, ba ya sanin wa ya wanke gawawwakin yaran da aka kawo daga daji. Jerin sunaye yake gani da ranaku. Abokin nasa ya zama Manjo, shi yana nan Kyaftin, ya riƙa ƙame masa a gaban jama'ar da yake yi wa huɗuba. Bambancin albashi ya fara taruwa wata bayan wata. Kuma jinkirin nan ba ya tsayawa a mataki ɗaya, duk tsanin da ya taka a gaba da latti zai taka shi.

Inda abin ya fi ciwo shi ne shekarun haihuwa. Dokokin aikin hafsoshi sun yanka wa kowane muƙami iyakar shekaru. In ka kai ba ka haye ba, gida za ka tafi, ko da shekara 35 ɗin aiki ba ta cika ba. To, liman ba ya shigowa da ƙuruciya kamar yaron da ya shiga makarantar hafsoshi ta Kaduna yana ɗan sha takwas. Ya yi allo, ya yi zaure, ya yi jami'a. Fada kuma ya shafe shekaru a makarantar horar da limaman coci kafin a naɗa shi. Da furfurarsa a kusa yake sa kaki. Shekara ɗayar da hannun akawu ya cinye masa tana iya zama ita ce tazarar da ke tsakanin ya haye da a sallame shi. In an sallame shi, da muƙamin ƙarshe da yawan shekarun aiki za a lissafa fansho da garatuti. Kuskuren ya bi shi gida ke nan, ya zauna tare da shi har kabari.

Yanzu ga abin da ya sa nake cewa haƙurin da kuke ba shi guba ne. Sashe na 178 na dokar rundunonin soja ya ba hafsan da ya ga an zalunce shi damar kai kuka ga kwamandansa, in bai samu biyan bukata ba ya wuce gaba zuwa majalisar rundunonin soja, har maganar ta kai ga Shugaban Ƙasa. Dole ne kuma ya bi wannan tsani kafin ya nufi kotu. Amma dokar ta sa wa'adi: wata uku. Duk "dawo mako mai zuwa, Malam" da aka faɗa da baki, babu rubutu, babu hatimi, daga cikin wata ukun nan ake yankar sa. Ranar da ya gaji ya rubuta, wanda ya riƙa ba shi haƙuri shi ne zai buɗe littafin doka ya nuna masa cewa ya makara. Wanda ya san da wa'adin ya yi shiru, ya ci amana. Wanda bai san da shi ba, me yake yi a kan wannan kujera?

Kuma don Allah a daina jingina wannan sakaci da addini. Wai mutumin Allah ba ya neman girman duniya. Wane addinin? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da wa'adinsa, da wajibin marubuci ya rubuta da adalci. Sayyidina Umar shi ya kafa diwani, rajistar mayaƙa, aka jera mutane gwargwadon rigayensu a Musulunci, mutanen Badar a sama, da kason dirhami 5,000 a shekara. An ruwaito cewa takardar bashi ce aka kawo masa an rubuta Sha'aban babu shekara, ya tambaya wane Sha'aban ake nufi, na bara ko na bana ko na baɗi, kuma irin wannan ruɗani na cikin abin da ya kai ga kafa kalandar Hijira. Halifa bai raina kwanan wata ba, sai kofur mai buga takarda ne zai raina shi?

Ga mai son ya ga tsawon ran da rubutun fayil ke da shi, ya dubi Henry Plummer na Amurka. An haife shi bawa a jihar Maryland a 1844, ya tsere, ya yi aikin sojan ruwa a yaƙin basasarsu, ya yi karatun addini ya zama fasto. A 1884 aka naɗa shi limamin rundunar dawakai ta tara, ta baƙaƙen fata, a matsayi daidai da Kyaftin. Mutum ne da aka san shi da yaƙi da shan giya a bariki, abin da bai yi wa wasu manya daɗi ba. A 1894, a sansanin Fort Robinson da ke Nebraska, aka gurfanar da shi a kotun soja bisa zargin ya sha giya tare da ƙananan sojoji, aka kore shi korar wulaƙanci. Ya yi ta neman a wanke shi bai samu ba, har ya mutu a 1905. Zuri'arsa da masu goya musu baya ne suka sake tayar da maganar, sai a 2005 hukumar gyara bayanan sojan ƙasa ta Amurka ta sauya takardarsa zuwa sallama ta mutunci. Ko a nan ɗin ma ba ta soke hukuncin kotun ba. Shekara ɗari cif bayan an binne shi. Nasa ya fi kuskuren kwanan wata muni, amma ciwon iri ɗaya ne: abin da ya shiga fayil ba ya fita don kansa.

Ban kawo Amurka don in yi mata kirari ba. Ƙasar da ta bar mutum shekara 110 da baƙin tabo ba ta cancanci tafi ba. Amma sun yi abu ɗaya da ya kamata a kwaikwaya. Tun dokar 1946 suka ware hukumomi na musamman da aikinsu ke nan, gyara kuskure ko zalunci a bayanan soja, kuma farar hula ne ke zama a kansu, ba waɗanda suka yi kuskuren ba. Fom guda ne, mai lamba 149. Wa'adin shekara uku ne, ana ƙirga shi daga ranar da mutum ya gano kuskuren, hukumar kuma tana da ikon ɗage shi in adalci ya bukaci haka. In mai haƙƙin ya mutu, matarsa ko magajinsa na iya nema. Suna ma lissafa wa liman shekarun da ya yi a babban karatun addini wajen yanka masa muƙamin shiga da ranar da za a fara ƙirga masa, kuma in aka yi kuskure a wannan lissafi, nan yake kai kukansa. In an gyara, bambancin kuɗin da ya rasa yana biyo baya.

Na san abin da za ku ce. Za ku ce in aka buɗe ƙofar taɓa kwanan wata, masu rage shekaru da masu uwa a gindin murhu za su cika ofis. Gaskiya ne akwai su, kuma kowa ya san ba ta ƙofar gaba suke shiga ba. Wannan hujja ce ta a tsaurara bincike, ba hujjar a kulle mai gaskiya a waje ba ce. Ranar da aka yaye hafsa ba asiri ba ce. Akwai takardar naɗinsa, akwai siginar da ta sanar da ƙarin girman, akwai takardun albashi, akwai 'yan ajinsa da ke raye suna aiki. Aikin yini guda ne ga wanda ya so yi. Abin da ke hana gyara sau da yawa ba rashin hujja ba ne. Gyara yana nufin wani ya sa hannu a kan cewa ofishinsa ya yi kuskure, shi kuwa ya gwammace liman ya rasa muƙami da a ga jan biro a aikinsa.

Malam, kai ma ba ka tsira daga wannan faɗa ba. Kunyar me kake ji? Kana tsoron a ce liman na son duniya, sai ka haɗiye, ka ce ka bar wa Allah. Albashin nan ba naka ba ne kai kaɗai da za ka yafe. Ciyar da iyali wajibi ne a kanka, kai kake karantar da mutane haka duk Juma'a. Ka tuna da matar da za ta tsaya wata rana a layin tantancewa na hukumar fanshon soja, riƙe da jakar takardunka, a ce mata muƙamin da ke jikin hoton nan mai kaki bai yi daidai da wanda ke kwamfuta ba, ta koma ta kawo hujja. Ina za ta samo? Ba ta san lambar sigina ba, ba ta san wane ofis ne ya buga ba, wanda ya sani kuma yana ƙasa. Kai da ka sha tsayawa a maƙabartar barikin Maimalari kana sallatar yaran mutane, kana ba zawarawansu baki, ka fi kowa sanin wahalar da takarda ke ba mace bayan mijinta. Shirunka kuma yana koya wa ofis cewa fayil ɗin liman shi ne wanda za a iya jinginewa ba a ji komai ba, na bayanka su gaji wannan raini.

Manyan sassan addinin uku ma da laifinsu. Sun kai Kanar, sun kai Birgediya, suna zama da manya. In har suna iya bin diddigin kuɗin gyaran masallaci da coci, suna iya ajiye jerin hafsoshinsu da ranakunsu, su riƙa gwada shi da na ofishin Sakataren Soja kafin kowane kwamitin ƙarin girma ya zauna. Ba mutane dubbai ba ne.

Ga ofis, bukatar ba ta da yawa. A bar kowane hafsa ya ga bayanansa sau ɗaya a shekara ya sa hannu cewa daidai ne. Duk kukan da aka kawo a karɓa a rubuce, a buga hatimi da kwanan wata, a ba mai shi kwafi. In an tabbatar da kuskure, a mayar da gyaran zuwa ranar asali, ba ranar da aka farga ba, a biya ariyas, a mayar da mutum cikin 'yan ajinsa. Majalisar tarayya kuma ta duba wa'adin nan na wata uku, wanda ya yi wa mai aiki a bakin daga kaɗan.

Kai kuma Malam, kafin duk wannan ya tabbata, ka buɗe jakarka yau ka gwada ranar da ke takardar naɗinka da wadda ke takardar albashi. In sun saɓa, ka rubuta wa kwamandanka gobe da safe, ka karɓi kwafi mai hatimi, ka ba uwargida ta ajiye.