Ƙarar Tarakta Ba Alamar Ƙarfi Ba Ce: A Gyara Salansa, A Kare Kunnen Direba

Manomi ɗan'uwa, da zarar ruwan shuka ya sauka a ƙasar Bosso, daga Maikunkele zuwa Beji, daga Garatu zuwa Gidan Kwano, kunnenka ne ke fara sanar da kai cewa tarakta ta shigo gari tun kafin idonka ya gan ta. Wasu ma suna yabon wadda ta fi ƙara, suna cewa ita ce mai ƙarfi. Wannan fahimta kuskure ce, kuma wanda ke biyan kuɗinta shi ne bawan Allah da ke zaune a kan kujerar motar tun daga hantsi har faɗuwar rana.

Maganar ta ƙara zama wajibi saboda motocin noma suna ta ƙaruwa a Jihar Neja. A watan Maris na 2024 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya zo Minna ya ƙaddamar da shirin noma da injuna na gwamnatin Gwamna Mohammed Umaru Bago, a ranar da ya buɗe filin jirgin sama da ke Maikunkele, cikin Ƙaramar Hukumar Bosso. An yi ta magana a kan yawan kadadar da za a nome da buhunan da za a samu. Abu ne mai kyau. To amma kowace tarakta sai da direba, kuma yawancinsu samari ne waɗanda ke da sauran shekaru talatin ko arba'in na aiki a gabansu. Da wane kunne za su kai ƙarshen waɗannan shekarun?

Masana suna auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar mutum biyu a zaure takan kai kimanin desibel 60. Iyakar da aka amince mutum ya yi aiki a cikinta na awa 8 a rana ita ce desibel 85. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, wannan ma'auni ba ya tafiya kamar mudu da tiya. Duk ƙarin desibel 3 ninki biyu ne na ƙarfin sautin, saboda haka lokacin da kunne zai iya jurewa sai ya ragu da rabi. A desibel 88 awa 4 ne, a 91 awa 2, a 94 awa 1, a 97 rabin awa, a 100 kuwa minti 15 kacal. Tarakta marar ɗakin direba, irin wadda muka fi sani a gonakinmu, takan kai tsakanin desibel 90 zuwa 100 a daidai kunnen direba idan tana jan garma ko haro. Wadda salansarta ta fashe ko aka cire ta ɗungurungum tana iya wuce haka. Ka lissafa da kanka: direban da ya yi awa 10 a desibel 97 ya ɗora wa kunnensa ninki 20 na abin da aka ƙayyade masa a ranar. Kuma a farkon damina, lokacin da kowa ke neman a yi masa huɗa a mako guda, awa 10 ba wani abu ba ne a wurinsu.

Ba sai ka mallaki na'urar awo ba. Ka tsaya kusa da direba, tazarar kamu biyu, injin yana aiki. Idan sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, to ƙarar ta kai haddin cutarwa.

Yadda cutar ke shiga shi ne abin da ke yaudarar mutane. A can cikin kunne akwai wani ɗan sashe mai siffar dodon koɗi, a cikinsa akwai ƙwayoyi masu ƙananan gashi wajen dubu 15, su ne ke karɓar sauti su aika wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kwantar da su kamar yadda iska ke kwantar da dawa. Da farko sukan miƙe bayan an huta, shi ya sa direba kan sauka da yamma kunnensa yana ƙugi ko ya ji kamar an toshe shi, kashegari ya ji ya warware. Idan aka ci gaba kullum sai su mutu, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Babu allura, babu ƙwaya, babu ɗigon maganin da ke dawo da ita. Ba jini, ba zafi, ba kumburi, don haka ba wanda ke zuwa asibiti. Siraran sautuka su ne ke fara ɓacewa, irin su "s" da "sh" da "ts" da "f", sai mutum ya riƙa jin murya amma bai rarrabe kalmomi, musamman a cikin taro ko a kasuwa. Yakan zargi mutane da yin magana ƙasa-ƙasa. Iyalinsa ne kan riga shi ganewa, idan sun ga yana ƙure rediyo, ko ana sallama a ƙofar gida bai amsa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna mutane fiye da biliyan ɗaya da rabi ne ke da raunin ji a duniya, kuma ƙarar wurin aiki tana cikin musabbaban da ake iya kauce musu.

Yanzu mu dawo kan salansa, domin nan ne rabin matsalar take. Hayaƙi yana fita daga injin da bugu mai ƙarfi, bugu bayan bugu. Aikin salansa shi ne ta bi da shi ta cikin ɗakuna da bututu masu huji har bugun ya lafa kafin ya fito. Tsatsa da jijjiga suna cinye waɗannan ɗakunan. Idan bututun a tsaye yake kuma ba shi da murfi, ruwan sama yana shiga ya ruɓar da shi daga ciki, wani lokaci ma ya gangara har cikin injin. To da ta lalace, me ake yi? Sai a kai wa mai walda ya yanke ta ya liƙa miƙaƙƙen bututun ƙarfe, a ce an huta. Har akwai bakanikan da ke gaya wa mai mota cewa hakan yana ƙara mata ƙarfi. Gaskiya ne salansar da ta toshe da baƙin hayaƙi tana shaƙe injin, kuma idan aka cire ta sai a ga motar ta farfaɗo. Amma maganin toshewa shi ne a wanke ko a canza. Lafiyayyar salansa wadda ta dace da girman injin ba ta rage wani ƙarfin da za ka gani a kunya ko a yawan kadada. Ƙari kuma, bututu tsirara yana iya tofar da tartsatsi, kuma duk wanda ya taɓa ganin gobara a gonar shinkafa ko a tarin karan masara da kaka ya san abin da tartsatsi ɗaya ke yi.

Saboda haka kafin damina, ka sa a duba hanyar hayaƙin tun daga jikin injin har bakin bututu. Duk inda ka ga baƙin zane na hayaƙi a mahaɗa, to yana zuba daga nan, a canza abin da ke tsakanin mahaɗar a ɗaure notuna. Bakin bututu ya wuce saman kan direba, ya kuma kalli gefen da ba nasa ba, don ƙarar da hayaƙin duka su bar fuskarsa. A sa murfin ruwa. Sannan a bi jikin motar: murfin injin da ke kaɗawa, ƙarfen taya da ya saki, robobin da suka cinye, duk suna ƙara nasu. Idan kuma aikin marar nauyi ne, kamar feshi ko jan tirela a fili, direba ya hau giya ta sama ya rage totur. Ƙara za ta ragu, man gas ma zai ragu. Wannan kam ko mai motar da bai damu da kunnen kowa ba ya kamata ya so shi.

Duk da haka, gyaran salansa kaɗai ba ya sauko da tarakta marar ɗaki ƙasa da desibel 85 a yawancin lokuta, domin injin kansa da fanka da giya suna da tasu ƙarar. Ƙasashen da suka riga mu sun magance wannan da rufaffen ɗakin direba; kamfanin John Deere na Amurka ya fito da irin wannan ɗaki mai suna Sound-Gard tun 1972. Wanda Allah ya hore wa mota mai ɗaki, ya gyara na'urar sanyaya ta, domin da zarar zafi ya sa an buɗe ƙofa da tagogi ko an cire gilashin, amfanin ɗakin ya tafi. Sauran kuwa sai abin toshe kunne. Akwai na soso wanda ake murzawa ya sirance, a ja kunne sama da ɗaya hannun a tura shi, a riƙe har ya kumbura ya cika ramin. Akwai kuma mai kama da kofi biyu da ke rufe kunnen gaba ɗaya. Ana samun su a shagunan da ke sayar da kayan kariyar ma'aikata, kuma na soson bai kai kuɗin litar man gas ɗaya ba. Auduga da tsumma da rawani ba sa tare komai na kirki. Abin sauraren waƙa na wayar hannu kuwa ƙari ne a kan cuta, tun da sai an ƙure shi ya fi injin ƙara kafin a ji.

Direbobi suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa da kunne suke gane lafiyar injin, idan sun toshe shi yaya za su ji ƙarfe ya fara bugawa? Amsa ita ce abin toshe kunne rage sauti yake yi, ba ya kashe shi, kuma bayan 'yan kwanaki kunne yakan saba da sabon yanayin ya ci gaba da rarrabe canjin sautin injin. Direban da ke cikin haɗarin rasa wannan gwanintar shi ne wanda ya shekara goma ba kariya. Batun zafi da gumi ma gaskiya ne, shi ya sa na soso ya fi dacewa da yanayinmu, in dai za a sa shi da hannu mai tsabta a kuma canza shi idan ya yi datti. Wanda ya ce shi ya riga ya saba, ƙarar ba ta damunsa, a gaya masa a hankali cewa wannan sabon shi ne alamar ji ya fara tafiya.

A ganina nauyin yana wuyan mai mota, ko mutum ɗaya ne, ko ƙungiyar manoma, ko gwamnati. Direban da ake biya da yawan kadadar da ya nome ba zai ajiye mota a tsakiyar damina don salansa ba, kuma ba shi da bakin cewa a saya. Dokar ƙasa ma ta san da wannan: Hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin taƙaita ƙara a 2009, kuma Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ambaci raunin ji a cikin abubuwan da ake biyan diyya a kansu. Ya dace duk shirin da ke raba tarakta ko yake ba da haya ya haɗa kowace mota da abin toshe kunne, ya kuma sa direba biyu su riƙa karɓa-karɓa a lokacin da aiki ya yi yawa, tun da raba awoyin raba cutar ne. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda ke da harabobi a Bosso da Gidan Kwano da sashen injiniyan aikin gona, tana kusa. Ƙungiyoyin masu tarakta su nemi a auna musu motocinsu, a kuma koya wa masu walda na gari yadda ake ƙera salansa mai ɗakuna a ciki maimakon bututu fanko.

Kai ma da ke ɗaukar haya kana da naka. Kada ka bar yara su hau gefen mota ko su bi ta a baya. Ban da haɗarin faɗowa, kunnensu yana shan abin da na direba ke sha. Masu aiki a gonar su ja baya, domin duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarar takan ragu da kimanin desibel 6. Haka abin yake ga injin casar shinkafa da na sussukar masara da injin niƙa na cikin unguwa.

Direban da kunnensa ke ƙugi bayan aiki, ko yake yawan cewa a maimaita masa magana, ya je sashen kunne da hanci da maƙogwaro na babban asibiti a yi masa awon ji. Idan ana buƙatar ƙarin bincike ko na'urar taimaka wa ji, akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Lokacin rani, kafin motoci su fita, shi ne ya fi dacewa da wannan awon, a rana ɗaya da za a kai motar wurin bakanike.