Kafin a sayi man gashi, a tambayi saiwa

Kwalaben da ake tallatawa a Instagram da shagunan kayan kwalliya duk alkawari ɗaya suke yi: kowane irin zubewar gashi, a shafa mako biyu a ga aiki. Nan ne yaudarar take, domin zubewar gashi alama ce da cututtuka daban-daban suka yi tarayya a kanta. Tambayar da ta kamata a fara yi ita ce ko saiwar gashin tana da rai, ko tabo ya riga ya binne ta.

Kan mutum yana ɗauke da gashi kimanin 100,000, kuma faɗuwar 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Kowane sili yakan yi shekaru yana tsawo, ya huta kamar wata uku, sannan ya faɗi wani ya maye gurbinsa. Idan jiki ya sha wuya, kamar haihuwa ko zazzaɓin taifod ko tiyata, gashi mai yawa yakan shiga hutu lokaci guda, sai ya zube bayan wata biyu zuwa huɗu. Shi ya sa mai jego take ganin matajinta cike da gashi tun bayan an gama wankan arba'in. Wannan yakan dawo da kansa cikin 'yan watanni, kuma galibi man da aka shafa a lokacin ne yake kwashe yabon da bai yi wa aiki ba. In ya ƙi dawowa, gwajin jini ne ya dace, don ƙarancin sinadarin ƙarfe da ciwon tayirod suna iya jawo shi.

Sanƙon maza kuwa gado ne, daga ɓangaren uwa ko na uba. Jiki yana juya wani kaso na sinadarin testosterone zuwa DHT, shi kuma yana tsuke saiwar gashin goshi da tsakar kai har silin ya koma siriri kamar na jariri. Hula ba ta da laifi a nan, duk da yawan zargin da take sha. Magunguna biyu ne suka daɗe da tabbata. Minoxidil, wanda asalinsa maganin hawan jini ne, hukumar magunguna ta Amurka ta amince a riƙa shafa shi a kai a 1988. Ƙwayar finasteride, mai rage DHT, ta biyo baya a 1997. Dukansu sai an yi watanni kafin a ga sauyi, kuma idan aka daina, abin da aka samu yakan tafi. Finasteride yana rage sha'awa ga wasu maza kaɗan, kuma haɗari ne ga mai ciki. Masu hali suna tafiya Istanbul dashen gashi, sai dai likita ba ya ƙirƙiro sabon gashi: na ƙeya yake cirowa ya shuka a gaba, kuma ƙeyar ma tana da iyaka.

Asarar da ta fi ciwo ita ce wadda ake iya kaucewa tun farko, wato cinyewar gaban goshin mata. Kitso mai tsauri, ƙananan kalaba da ake ɗora wa ƙarin gashi mai nauyi, da ɗaure gashi tamau a ƙarƙashin ɗankwali, duk suna jan saiwa ba hutu. In aka haɗa da man miƙar da gashi, wanda yake raunana silin, ɓarnar sai ta ninka. An saba wa yarinya tun tana ƙarama da cewa kitson da bai yi zafi ba bai kamu ba, ana dungurinta a gaban makitsiya idan ta yi kuka. Alhali zafin nan, da ƙurajen da suke fitowa a bakin goshi, da kasa kwanciya a daren da aka yi kitso, gargaɗi ne daga fatar kai. A matakin farko, sassauta kitso da tsefe shi da wuri da barin kai ya huta sun isa gashi ya dawo. Idan aka ɗauki shekaru a haka, saiwar takan mutu, wurin ya yi sumul yana sheƙi, kuma daga nan ko man kaɗanya ko habbatussauda ko minoxidil babu mai tayar da ita. Ɗankwali yana rufa asiri, amma shi ne kuma yake sa a makara, don ba wanda yake gani balle ya yi magana.

Man kaɗanya da ƙarƙashi suna da amfaninsu: suna tausasa gashi su rage karyewa. Illar tana cikin watannin da ake ɓatawa ana jiran su yi abin da ba aikinsu ba ne. Yaro mai makero, wanda sau da yawa a wurin aski ko ta mataji yake ɗauka, maganin sha irin su griseofulvin yake buƙata na makonni, don na shafawa ba ya kai wa cikin saiwa. Wanda ya wayi gari da fili zagayayye kamar kwabo a kansa, mai yiwuwa garkuwar jikinsa ce ta juya wa gashin baya, kuma likitan fata yana da allurar da yake yi a wurin. Matar da tsakar kanta take ƙaiƙayi ko zafi tana kuma yin fili, ita ce ta fi kowa buƙatar gaggawa, domin irin wannan yakan bar tabo, kuma abin da magani zai iya shi ne tsayar da shi a inda ya kai ranar da ta isa asibiti.